Daga Magajiya Zuwa Wusasa: Cocin Da Aka Gina Da Tubali

Mutumin Suleja idan ya nufi Zariya, gida ya nufa. Daga can kakanninsa suka taso zamanin jihadi tare da Sarki Muhammadu Makau, har ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da daga baya ya bar wa babban birnin tarayya sunansa ya koma Suleja. Har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin garin. Ni kuwa da na bar unguwar Magajiya da sassafe, wani tsohon coci na tafi gani a wajen ganuwar Zariya.

Kafin mu kama hanyar Kaduna na roƙi direba ya karkata Madalla. A nan cocin Katolika na St. Theresa yake, inda bam ya tashi ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba 2011, daidai lokacin da mutane ke fitowa daga ibada, ya hallaka gommai. An binne wasunsu a harabar cocin. Na tsaya a gaban kaburburan, bakina ya mutu. Limamin cocin na wancan lokaci, Fada Isaac Achi, ya tsira a ranar, amma 'yan bindiga suka ƙone shi a gidansa a Kafin Koro cikin Janairun 2023.

Muka wuce Tafa, Jere, Kateri, Kaduna da Jaji. Rana ta take muka shiga Wusasa, a gindin duwatsu, kusa da Kufena.

Wanda bai san wurin ba, in ya hango cocin St. Bartholomew zai ɗauka zauren wani babban basarake ne. Ginin ƙasa ne, bango mai kauri, ƙasansa ya fi samansa faɗi, kamar yadda maginan Hausa ke yi domin gini ya ɗauki nauyin kansa. Wani dattijo da ke kula da wurin ya tarye ni.

"Sannu da zuwa, ɗana. Daga ina?"

"Daga Suleja, Baba."

"A'a, ashe ɗan gida ne. Shigo ka ga aikin iyayenka."

Ina sa ƙafa ciki zafin waje ya yanke. Na ɗaga kai, sai ga bakan gizo, ɗaya bayan ɗaya, sun taso daga jikin bango sun lanƙwasa sun haɗu a sama. Wanda ya san sana'ar ya san wahalarta: ana jera azara, wato itacen giginya da gara ba ta ci, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaurewa ana liƙewa da ƙasa, sai sashe ya bushe a ɗora na gaba. Na shafa bangon, tafin hannuna ya bi lanƙwasar da hannun mai yaɓe ya bari. Babu inda ya miƙe sambal irin na siminti, kuma a ganina kyansa ke nan.

Irin wannan gwaninta ce Babban Gwani Mikaila ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 100 kafin a aza tubalin wannan coci. Hannu ɗaya ne, koyi ɗaya ne, kuma wannan ne ya fi taɓa ni. 'Yan mishan ba su kwaso zanen cocin Ingila suka dasa a nan ba, sun bar gini ya yi magana da harshen masu garin.

Tarihin zuwansu ma ba gajere ba ne. Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Bayan doguwar taƙaddama kan zaman mishan a cikin ganuwa, aka koma da aikin Wusasa a 1929, aka gina wannan coci. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya yi shekaru yana fassarawa, ya fito a 1932. Cikin Kiristocin farko har da zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun ƙarni na 19.

Baba ya kai ni maƙabarta. Sunayen Turawa ga su nan, amma na Hausawa ne suka tsayar da ni, sunaye irin na maƙwabtana a Magajiya, da gicciye a kansu. Daga wannan 'yar unguwa aka sami Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi karatu a nan. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Abin da ke damun Baba shi ne damina. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, yana son a duba duk inda ruwa ke bi kafin hadari ya fara haɗuwa. Ya ce masu iya kwaɓa makuba da ɗaura bakan gizo sun yi ƙaranci, yaransu sun koma bulo da siminti, don can kuɗi yake. Na tambaye shi ko za a iya samun matasa su koya.

"In an biya su, me zai hana?" in ji shi. "Tsofaffin suna nan cikin birni. A je a same su tun suna iya hawa tsani."