Yaron da muka bari a bakin ƙofa

Rubutun nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Tun daren Talata abin yake cina a rai, na ga gara in amayar da shi.

Shekara shida ke nan ina aikin sa kai a wata rundunar 'yan sikawut a nan Amurka, wadda masallacin unguwarmu yake ɗauke da nauyinta. Haka tsarin yake a ƙasar nan: uwar ƙungiya ta ba coci ko masallaci ko makaranta izini, su kuma su samar da ɗakin taro da manyan da za su riƙa kula. Duk wata mukan zauna, mu iyaye da masu aikin sa kai. A zaman da ya wuce an ware minti goma na ƙarshe don shugaban yaran, ɗan shekara 15 wanda 'yan'uwansa suka zaɓa da ƙuri'a, ya gabatar mana da tsarin kwanan dajin da suka shirya. Mun zauna bayan Magariba, har aka kira Isha'i ba mu gama cacar baki ba. Da na fito alwala sai na tarar da shi a tsaye a bakin ƙofa, takarda a hannu, duk ta yamutse saboda riƙo. Iyayensa mutanen Kumasi ne, da Hausa muke magana. Ya ce, "Kawu, an zo kaina?" Na ce tukuna. Ya ce mahaifiyarsa tana mota tana jiransa, gobe akwai makaranta. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya yi mini sai da safe.

Abin da ya cinye mana lokaci shi ne wani ɗan takarar kansila ya nemi a kawo masa yaranmu cikin kayan sarki su tsaya bayansa ranar gangaminsa. Ƙa'idar ƙungiya a kan wannan a fili take, ba ta buƙatar minti biyar. Yara za su iya ɗaga tuta a taron siyasa, su jagoranci alkawarin biyayya ga ƙasa, amma da sun gama sai su bar wurin, ba za su tsaya a dandamali ko inda za a ɗauka suna goyon bayan wani ba. Wasu suka ce ai namu ne, karo na farko ke nan da Musulmi zai fito daga yankin. Wasu suka ce in mun buɗe wannan ƙofa, gobe da wane baki za mu hana na ɗaya jam'iyyar? Kafin ka ce kwabo magana ta bar kan kansila, ta koma kan canjin suna, da shigar 'yan mata, da abin da aka yi a 2013. Duk wanda ya taɓa zama da masu aikin sikawut a Amurka ya san wannan hanya. Ko da zancen kuɗin tanti aka fara, can ake ƙarewa.

Ba na cewa waɗannan maganganu shirme ne. Ni baƙar fata ne, kuma na san sai a 1974 reshe na ƙarshe na wannan ƙungiya da ke raba yara baƙaƙe da farare ya daina. Ƙungiyar da aka kafa tun 1910 ke nan. Saboda haka tambayar wa zai shiga, wa za a tsayar a waje, tambaya ce mai nauyi, kuma ɗana yana sanye da ƙyallen wuyan nan ne yau domin wasu sun yi gardamar da ba su gaji ba.

Ga waɗanda ba su bi labarin ba, ga shi a taƙaice. A 1990 ƙungiyar ta kori wani matashin mataimakin malami a jihar New Jersey mai suna James Dale, bayan ta gano yana cikin masu neman jinsinsu. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a shekarar 2000 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka ce ƙungiya mai zaman kanta tana da ikon zaɓar mutanenta. A watan Mayun 2013 wakilai kimanin 1,400 suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 60 cikin ɗari suka amince a daina korar yaro saboda wannan dalili. A 2015 aka ɗage hanin a kan manya, amma aka bar wa coci da masallaci damar zaɓar malamansu bisa koyarwar addininsu. Waɗanda ba su yarda da ƙuri'ar 2013 ba kuwa, tun a lokacin wasunsu suka ɓalle suka kafa Trail Life USA. A 2018 'yan mata suka fara shiga sashen ƙanana, a Fabrairun 2019 suka shiga na manya, a rundunoninsu daban da na maza. A ƙarshen shekarar cocin Mormon, wanda ya fi shekara ɗari yana tare da ƙungiyar, ya janye da yara wajen 400,000. A Fabrairun 2025 kuma sunan ƙungiyar, Boy Scouts of America, ya koma Scouting America. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya raba abokai da suka yi shekara da shekaru suna hura wuta tare a daji.

Ni Musulmi ne, koyarwar addinina ba ɓoyayya ba ce, kuma masallacinmu yana amfani da damar da aka ba shi wajen zaɓar malamai. Amma ba zan tsaya a ƙofa ina yi wa ɗan shekara 11 tambayoyin da ba su dace da shekarunsa ba. Batun 'yan mata kuwa, tun farko na goyi baya, domin na ga 'yar maƙwabcina tana zaune a gefe tana kallon yayanta yana koyon ƙulle-ƙullen igiya, alhali ta fi shi iyawa.

Abin da ya fi damuna daban ne. A cikin duk shekarun nan da manya suke tsaron ƙofa, ɓarnar da ta kusa kashe ƙungiyar a cikin gida take, kuma manya ne suka yi ta. A 2012 kotu a jihar Oregon ta sa aka fitar da fayilolin sirri na mutane sama da 1,200 da ƙungiyar ta sa a jerin waɗanda aka hana aiki saboda zargin lalata da yara, daga 1965 zuwa 1985 kawai. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ta shigar da takardar karyewar arziki. Mutane fiye da 82,000 suka fito suka ce an ci zarafinsu suna yara, aka kafa asusun diyya na dala biliyan 2.46. Da yawansu yanzu dattawa ne masu furfura, sun yi shekara arba'in ko hamsin ba su gaya wa ko matansu ba. Ku tsaya ku yi tunanin wannan adadi. An yi wannan ɓarna ne a zamanin da dokokin shiga suka fi tsauri. Abin da ya rufa wa azzalumai asiri shi ne yaron da aka saba masa da cewa babba ba ya kuskure, da kuma manyan da suka fi jin tsoron ɓacin sunan ƙungiya a kan kukan yaro. Shi ya sa yau ba a yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro ba, dole manya biyu a kowace fita, ko saƙon waya za ka tura wa yaro sai ka sa wani babba a ciki. Ina bin wannan doka sau da ƙafa. Amma na yi imani yaron da ya saba a saurare shi a kan abincin kwanan daji shi ne zai iya buɗe baki ranar da wani ya taɓa shi inda bai kamata ba. Wanda aka saba bari a bakin ƙofa zai yi shiru.

Haka ma siyasa. A ranar 24 ga Yulin 2017 Shugaba Trump ya yi jawabi a babban taron 'yan sikawut na ƙasa a West Virginia, gaban dubban yara. Gayyatar shugaban ƙasa tsohuwar al'ada ce, domin kowane shugaba mai ci shi ne shugaban girmamawa na ƙungiyar. Amma jawabin ya koma kan zaɓen 2016, da Hillary Clinton, da Obama, har aka ji ihu daga cikin taron. Bayan kwana uku shugaban gudanarwar ƙungiyar, Michael Surbaugh, ya fito ya ba da haƙuri. Masu aikin sa kai suka rabu biyu, har yau akwai waɗanda ba sa ga maciji a kan maganar. Ni abin da nake gani shi ne, ko wane ne ɗan siyasar, ko namu ne ko na wasu, idan ya tsaya gaban yara masu kayan sarki yana neman tafi, ado ya mayar da su. Mu da muka taso a Arewa mun san inda wannan hanya take kai matasa, mun ga yadda ake tara su a bayan mota ranar kamfe, a watsar da su washegarin zaɓe. Ba zan kai ɗana ya zama hoton bayan kowa ba.

Na yi sikawut ina firamare a gida. Abin da na sani a lokacin shi ne fareti ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, da sanda, da usur, da malami yana ba da umarni muna bi. Na ji daɗinsa, ina kuma yi wa malaminmu addu'a har gobe. Amma sai da na zo nan na fahimci ainihin abin da Baden-Powell, wanda ya ƙirƙiro sikawut, ya gina. A watan Agustan 1907 ya kwashi yara kimanin 20 ya kai su tsibirin Brownsea a Ingila, ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni ya ɗora masa yaro ɗaya daga cikinsu ya ce kai ke da alhakinsu. Da littafinsa ya fara fitowa kashi-kashi a 1908, yara ne suka riƙa haɗa rukunoni da kansu a unguwanni, daga baya suka je neman babban da zai tsaya musu. A 1909 kuma, a taron Crystal Palace na Landan, 'yan mata suka zo ba tare da an gayyace su ba suka ce su ma sikawut ne, abin da ya kai ga kafa ƙungiyarsu a 1910. Wato tun asali yaran ne a gaba, manya suka biyo baya da gudu.

Kwanan dajina na farko a nan ba zan manta da shi ba. Rukunin ɗana suka ɗora shinkafa, ruwa ya yi kaɗan, wuta ta yi yawa. Tun daga nesa nake jin ƙauri. Na miƙe zan je, sai dattijon da ke shugabantar mu manya, wanda ya fi shekara talatin a wannan aiki, ya dafa ni ya ce in zauna. Ya tambaye ni ko akwai wanda zai ƙone ko ya ji rauni. Na ce babu. Ya ce to shinkafa ce kawai. Can sai ga wani ƙaramin yaro ya rugo wurinsa yana tambayar yadda za su yi, ya ba shi amsar da kowane tsohon malamin sikawut yake bayarwa: je ka tambayi shugaban rukuninka. Daren nan sun ci ƙanzo da ɗanyar shinkafa. A mota muna dawowa na ce wa ɗana ai da kun kira ni. Ya ce, "Baba, in kuka zo ai ku za ku dafa, mu kuma mu tsaya kallo." Wata na gaba da kansu suka auna ruwa da kofi, suka rage itace, suka kawo mana ɗanɗano.

Wannan zama a kujera da dattijon ya koya mini ya fi duk wani aiki wuya, musamman gare mu da aka rena a kan cewa yaro ba ya magana a gaban manya. Ina girmama tarbiyyarmu, ba na son ɗana ya rasa kunya da ladabi. Amma mun manta cewa a gida ɗan shekara 12 ake ba garken awaki ya fita da su tun safe, ake aika shi kasuwa da kuɗin cefane, yarinya kuma ta riƙe ƙannenta uwa tana unguwa. Ba mu taɓa shakkar ɗora wa yaro nauyi ba. Abin da muke ƙyashi shi ne ba shi baki.

Ƙungiyar da ta taɓa tara yara fiye da miliyan huɗu a farkon shekarun 1970 yanzu tana da kimanin miliyan ɗaya. Kowane ɓangare yana ɗora laifin a kan ɗaya, masu ra'ayin riƙau su ce canje-canje ne suka kori mutane, masu son canji su ce jinkirin yinsa ne. A rundunarmu dai na san yara biyar da suka daina zuwa cikin shekara biyu, na kuma tambayi kowannensu. Babu wanda ya ambaci suna ko kotu ko jam'iyya. Uku sun ce taron ya zama kamar aji, manya ke ta magana. Ɗaya ya ce sun tsara tafiyar kwalekwale aka soke ba a gaya musu dalili ba. Na biyar ƙwallo ce ta ɗauke shi.

Jiya na je har gida na ba shugaban yaran nan haƙuri a gaban mahaifinsa. Ya ɗauko takardar ya nuna mini. Sun lissafa kuɗin abinci na kowane mutum, sun raba wanda zai ɗebo ruwa da wanda zai wanke tukwane, sun rubuta lokutan salla biyar na wurin da za a je, har da inda alƙibla take a kamfas. Akwai kuskure ɗaya a lissafin man mota, ban gyara masa ba, na dai ce ya sake dubawa.

Na rubuta wa shugaban kwamitinmu cewa daga zama mai zuwa yaran ne za su fara magana, kafin kowane babba ya buɗe baki, kuma maganar ɗan takara a amsa masa da ƙa'idar da ke rubuce a wuce wurin. 'Yan'uwana iyaye da ke cikin wannan runduna, na san da yawanku za ku karanta wannan. Don Allah ku zo zaman Talatar farko ta wata mai kamawa, ku zo da wuri, ku mara mini baya a kan wannan buƙata.