Bozam, Garin da Teku Ke Shiga Sau Biyu a Rana

A ƙasarmu kogi yakan cika sau ɗaya a shekara. Binuwai ya kawo ruwa da damina, da rani kuwa ya bar rairayi har yara su yi ƙwallo a kai. Amma a Bozam, wani ƙaramin gari na bakin teku a kudancin Ingila, cika da janyewar ruwa sau biyu ne kowace rana.

Mu uku ne, dukanmu malaman makaranta, muka je Ingila kos. Wani dattijo a ikilisiyar da ta sauke mu yana da ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, sai ya gayyace mu wata Asabar. Garin yana yamma da birnin Cicista, ba nisa, a bakin wani reshen teku da ya kutso cikin ƙasa.

Da muka isa da sassafe, ba mu ga teku ba. Taɓo ne shimfiɗe iyakar ganin ido, da ɗan siririn ruwa a tsakiya. Ga jirage barjat zaune a kan taɓon, kowanne a ɗaure kamar akuya a turke. Turken nan wani nauyi ne da aka binne a laka, da sarƙa, da wata ƙwallo mai iyo a bakin sarƙar. In ruwa ya ciko, jirgi ya tashi ya riƙa kewaya turkensa yadda iska da ruwa suka juya shi. In ya janye, jirgi ya sake zama. Irin wannan maɗauri ya fi na ruwa mai zurfi araha, amma mai shi ba ya fita sai teku ya ba shi izini.

Ba kowane jirgi ne zai iya zaman nan ba. Mai dogon gindi zai kife gefe ɗaya da zarar ruwa ya tafi. Don haka waɗansu ana yi musu gajerun ƙafafu biyu a ƙarƙashi, su tsaya daram. Na mai masaukinmu kuwa gindinsa shafaffe ne, da wani allo da ake saukarwa cikin ruwa don kada iska ta ture shi gefe, a kuma ɗaga shi in an zo wurin da ba zurfi.

Dattijon ya fito da ɗan littafin da ke nuna lokacin cikar ruwa na kowace rana. Ya ce wata ne ke jan teku, rana tana taimakonsa. Ruwa yakan yi awa 6 da 'yan mintoci yana cikowa, ya yi kamar haka yana janyewa, kowace rana kuma yakan makara da wajen minti 50. Kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata ko cikarsa, bambancin cika da janyewa a wurin nan yakan kai mita 4. A awa ta uku da ta huɗu ne ruwan ya fi gudu, gama rabin dukan ruwan a cikinsu yake shiga ko fita.

Muna jira, muka kewaya gari. Hanyar mota da ta bi bakin gaɓa teku yakan rufe ta, ga alluna na gargaɗi, duk da haka baƙi sukan bar mota su dawo su tarar ruwa ya kai taga. Gidajen wurin an ɗaga musu dokin ƙofa saboda ruwa. Daga nan ne Harold ya shiga jirgi zuwa Nomandi a 1064, shi da ya zama sarki aka kashe shi a yaƙi a 1066. Tsohuwar majami'ar garin tana nan har yau. Mutanen garin kuma suna cewa a bakin gaɓarsu ne Sarki Kanut ya umarci teku ya tsaya, don ya nuna wa fadawansa iyakar ikon sarki, ruwa kuwa ya jiƙa masa ƙafa.

Wajen ƙarfe 11 ruwa ya kai ga jirginmu, muka shiga. Hanyar ruwa mai zurfi an yi mata alama da sanduna da aka kafa cikin laka. Dattijon ya ce lalle mu koma turke kafin ƙarfe 2 da rabi. Amma daɗin tafiya ya ɗauke mana hankali, muka yi ta roƙonsa a ƙara gaba kaɗan. A kan hanyar dawowa ya ba ɗayanmu tuƙi, shi yana gyaran igiya. Muka ga hanya ta yi gwiwa, muka ce a yanke ta bayan sanda. Sai muka ji jirgi ya tsaya cik.

Kafin minti 15 ruwa ya bar mu. Ɗayanmu ya fara naɗe wando zai sauka ya tura. Dattijon ya riƙe hannunsa ya ce, “Malam, zauna. Lakar nan takan riƙe mutum har cinya, in kuwa ruwa ya dawo ya same ka a ciki, ba ni da ƙarfin fid da kai.” Ya jefa anka, ya raba mana shayi da burodi, bai ko yi mana faɗa ba.

Daga ƙarfe 3 muka zauna har bayan 9 na dare, muna hangen hasumiyar majami'a kusa, ba halin isa. Tsuntsaye suka sauko suna caccakar laka kewaye da mu. Sanyi ya shige mu ƙwarai. Can da duhu muka ji ruwa yana lasar gindin jirgi, sannu a hankali muka ji mun tashi.

Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Mai karatu, in Allah ya kai ka bakin teku, ko a Bozam ko a wani wuri, kafin ka shiga jirgi ko ka ajiye mota, tambayi mutanen wurin yaushe ruwa zai dawo.