Gundumar Da Saniya Take Ciyarwa

A wannan wata za mu kai ku wata gunduma a ƙasar Amurka, sunanta Finney, cikin Jihar Kansas. Ba wurin dogayen benaye ba ne irin waɗanda kuke gani a hoto. Karkara ce, ta manoma da makiyaya da mahauta, mutanenta kuwa wajen 38,000 ne bisa ga ƙidayar 2020. Mun tafi domin mu ga irin aikin da suke yi, da abin da suke samu a ciki.

Mun tashi daga birnin Wichita da sassafe, muka nufi yamma, tafiyar mil 200 da 'yan kai. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu, itatuwa ma sai jefi jefi. Tun ba mu hango Garden City ba, watau babban garin gundumar, hanci ya gaya mana mun iso, gama iska ta kawo mana warin kashin shanu. Mutanen wurin sukan yi dariya su ce ai warin kuɗi ne.

A bakin hanya muka tsaya, muka ga shanu dubbai a cikin shinge. Ba a kora su daji. Kiwon turke ake yi musu, mota tana bi tana zuba musu masara a kwami har su yi ƙiba. Wani mutum mai suna Earl Brookover ne ya fara wannan irin kiwo a nan a 1951. Masarar kuwa ta noman rani ce, domin ruwan sama kaɗan ne, kogin Arkansas da ya ratsa gefen garin ma yashi muka tarar a cikinsa. Daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo ruwa, a sa shi cikin wani dogon bututu mai ƙafafun taya, yana kewaya gona yana yayyafi. Mun yi ta duba gonakin nan, da ƙyar muka ga mutum. Inji ya karɓi aikin da dā mutane da yawa suke yi. Gona tana kawo dukiya, amma ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa.

To, ina mutanen suke? Suna mayanka. A dā aikin masana'anta a garin nan na sukari ne. An gina gidan yin sukari a 1906, aka rufe shi a 1955. Sa'an nan a 1980 wani kamfani mai suna IBP ya buɗe babbar mayanka a Holcomb, mil 7 yamma da gari. A lokacin babu kamarta a duniya wajen girma. Kamfanin Tyson ya saye ta a 2001. A 2019 ma'aikatanta sun kai wajen 3,800, tana kuwa iya yanka shanu wajen 6,000 a rana ɗaya.

Sa'ad da aiki ya buɗe, sai baƙi suka yi ta zuwa. Na fari daga Meziko da Biyetnam, daga baya kuma daga Somaliya da Bama. Jama'ar gundumar ta tashi daga wajen 23,800 a 1980 zuwa wajen 40,500 a 2000. Gidaje suka kasa, har aka jera ɗakunan da ake ja da mota domin baƙi su sami wurin sa kai. Da muka zaga gari da yamma mun ga kantuna da rubutu cikin harsuna iri iri.

Amma ga abin lura. Yawan aiki daban, yawan albashi daban. Wajen 1970, mahaucin da yake aiki a manyan birane kamar Chicago albashinsa ya fi na yawancin ma'aikatan masana'antu. Gwani ne, ya san saniya daga kai har wutsiya, yana kuma da ƙungiya mai ƙarfi. Sai kamfanoni suka kwashe mayanka suka kai karkara kusa da shanu, suka rarraba aikin gunduwa gunduwa. Nama yana wucewa a rataye, kowa yana tsaye wuri ɗaya yana yanka gaɓa ɗaya tun safe har tashi. Aikin da za a koya wa mutum cikin 'yan makonni ba ya tsada. Kafin shekara ta 2000 albashin mahauci ya koma ƙasa da na sauran ma'aikatan masana'antu. Ga sanyi, ga wuƙa, ga sauri. Sai bayan annobar 2020, da ma'aikata suka yi wuya, kamfanonin nama suka ƙara kuɗi sosai.

Sauran ayyukan gari suna bin sawun wannan. Akwai asibiti, akwai makarantu da kwaleji, akwai tashar wutar lantarki a Holcomb, akwai direbobin manyan motoci masu ɗaukar shanu da nama. A nan, kamar ko'ina cikin Amurka, masu aikin jinya da masu gyaran inji da na lantarki suna samun abin kirki, masu aiki a gidan abinci da masauki su ne a ƙarshen layi. Mafi ƙarancin lada da dokar ƙasa ta yarda a biya shi ne dala 7.25 a awa, ba a kuwa ƙara shi ba tun 2009. A 2017 aka buɗe gidan yin garin madara, aka kashe masa dala sama da miliyan 200, amma waɗanda aka ɗauka ba su kai 100 ba. Sabon aiki yana neman hannu kaɗan, sai dai hannun da ya ƙware.

Garin ya taɓa ɗanɗana haɗarin dogara ga abu ɗaya. Daren Kirsimati na shekara ta 2000 gobara ta cinye mayanka ta biyu, ta kamfanin ConAgra. Mutum wajen 2,300 suka wayi gari ba aiki, ba a kuwa sāke gina ta ba. Iyalai suka ɗaure kaya suka tafi, har a 2010 jama'ar gundumar ta sauko zuwa wajen 36,800. A watan Agusta 2019 wuta ta kama ta Holcomb ita ma, amma wannan karo aka gyara, aiki ya komo kafin ƙarshen shekara.

Akwai wata damuwa da ba ta ƙara irin ta gobara. Ruwan nan na ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira Ogallala, ana jawo shi fiye da yadda yake komowa, rijiyoyi suna ta ƙara zurfi. In ba ruwa ba masara, in ba masara ba shanu, in ba shanu ba mayanka. Mai kanti da malamin makaranta duka a kan wannan igiya suke rataye.

Da muka juyo gida muka yi ta tunanin samarinmu masu lissafin dala a zuci. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Finney aiki bai yi wuya ba, amma wanda ya zo da hannu kawai jikinsa ne yake biya, wanda ya zo da sana'a kuwa shi yake da zaɓi. Iyaye, me kuke sa wa a hannun 'ya'yanku tun yanzu?