KARE YA ZAMA MAI GAIDA TSOFAFFI A BIRNIN YORK

Birnin York yana arewacin Ingila, tafiyar kamar sa'a biyu ce a jirgin ƙasa daga Landan. Tsohon gari ne ƙwarai, gama Rumawa ne suka kafa shi a shekara ta 71 Miladiyya, a inda kogin Ouse da na Foss suka haɗu. Har yanzu ganuwarsa ta dutse tana tsaye da manyan ƙofofinta huɗu, mutum yana iya hawa bisanta ya yi tafiyar wajen mil biyu yana hangen tsohon birni. Musulmin garin ba su da yawa, amma suna da masallacinsu a titin Bull Lane. Baƙi daga ko'ina cikin duniya sukan zo kallon ganuwar da tsofaffin gine-gine. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai a garin, shi ne wata al'ada da na gani ta kai karnuka gidajen tsofaffi domin su gaishe su.

Al'adar tana da tushe a York ɗin kanta. In ka fita ta ƙofar Walmgate ka ɗan taɓa tafiya, za ka iske wani babban gini a kan tudu, ana ce da shi The Retreat. Asalinsa, a shekarar 1790 wata mace mai suna Hannah Mills ta rasu a gidan mahaukata na garin, bayan an hana 'yan ɗariƙarsu ta Kirista, watau Quakers, su shiga su duba ta. Abin ya ɓata ran wani attajiri mai cinikin shayi da gahawa, William Tuke, har ya tara kuɗi daga 'yan'uwansa, aka buɗe wannan gida a 1796 don a riƙa jiyyar masu taɓin hankali ba tare da mari ko bulala ba. Cikin dabarun da suka yi har da sakin zomaye da kaji da tsuntsaye a farfajiya, domin sun lura cewa majiyyacin da ya ƙi magana da mutum yakan saki jiki da dabba. Gidan ya daina kwantar da majiyyata a ƙarshen 2018, amma dabarar ta riga ta bazu.

A 1859 shahararriyar ma'aikaciyar jiyya Florence Nightingale ta ba da shawarar a bar wa mai doguwar jinya ƙaramar dabba ta ɗebe masa kewa. A 1976 wata ma'aikaciyar jiyya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a Amurka. Sa'an nan a 1983 Lesley Scott-Ordish ta kafa Pets As Therapy a Ingila, wadda masu aikin sa kai nata suke zagaya asibitoci da makarantu da gidajen tsofaffi da karnukansu. Ba kowane kare ake karɓa ba. Sai wanda ya ɗan girma, ya jima a hannun mai shi, an yi masa alluran rigakafi, kuma an jarraba halinsa an ga ba ya firgita da ƙara, ba ya tsalle a kan mutane, ba ya fizgar abinci daga hannu. In ya ci jarrabawa, sai a ba shi 'yar riga rawaya, alamar aikinsa.

Na sami izinin shiga ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje a bayan gari. Wuri ne mai tsabta da ɗumi, ga abinci a kan kari, ga magani a kan lokaci, kowa da ɗakinsa. A babban zaure na tarar da tsofaffi zaune a jere bisa kujeru masu taushi, akwatin talabijin yana ta magana, ba mai kallonsa, ba kuma mai ce wa ɗan'uwansa uffan. Ana nan sai ga wata mata ta shigo riƙe da igiyar wani kare mai launin zuma. Nan da nan zauren ya motsa. Wadda take gyangyaɗi ta ɗaga kai, wani ya miƙa hannu yana rawa, wata ta shiga ba da labarin karen da mahaifinta ya taɓa kiwo a gonarsu. Shi kuwa karen sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora haɓarsa bisa gwiwar kowa, ya tsaya cik har a gama shafa shi. Kafin a kai shi wurin mutum sai an tambaye shi ko yana so, bayan an gama kuma a goge wa kowa hannu.

Wata yarinya 'yar Nijeriya tana aiki a gidan, gama dubban 'ya'yanmu sun shiga aikin kula da tsofaffi a Ingila tun daga 2022. Ta nuna mini wani dattijo mai ciwon mantuwa, ta ce, "Baba, ka ga wancan? Sai ya yi mako bai haɗa kalma uku ba. Amma ranar da karen nan ya zo, har sunansa yake kira." Na ce, "'Yata, 'ya'yansa fa?" Ta ce, "Suna nan da rai, Baba. Aiki ya kai su nesa. Suna biyan kuɗin gida kan kari."

Masana sun auna wannan abu. A 2002 wasu masu bincike biyu a Amurka, Marian Banks da William Banks, sun gwada tsofaffi 45 har tsawon mako shida, suka ga kaɗaici ya ragu ga waɗanda aka riƙa kai musu kare, ko da na rabin sa'a ne a mako. Kaɗaicin kuwa ya kai matsayin da a watan Janairu na 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista, Tracey Crouch, ta ɗora mata alhakin yaƙi da shi. To, dubi ƙasar da ta wadata tsohonta da gado da magani da likita, amma sai da ta nemi minista da kare kafin ta sama masa abokin hira.

Musulmi zai tambaya, ina matsayin wannan a shari'a? Tambayar tana da muhalli, gama ba nisa daga York akwai Bradford, inda ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen gundumar Musulmi ne, kuma waɗanda suka zo ƙasar da ƙuruciyarsu yanzu sun tsufa. Malamai sun saɓa game da jikin kare. A mazhabar Imamu Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umurni ne kawai. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne. Hanafiyya, waɗanda su ne mafi yawa a Bradford, sun ce yawun ne najasa ban da gashin. Game da ajiye shi a gida, hadisai sun yi hani, sai don farauta ko tsaron dabbobi ko gona, haka kuma Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Duk da haka masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi, saboda larura. A kan irin wannan larura ce majalisar malaman shari'a ta Birtaniya ta ba da fatawa a 2008, aka yarda wani saurayi makaho ya zo masallaci a Leicester da karen da yake masa ja-gora, aka yi wa karen wurin jira daban da inda ake salla. Saboda haka tsohon da ya ƙi kare ya taɓa shi yana da hujja, wajibi ne a girmama ra'ayinsa. Wanda kuma aikinsa ya haɗa shi da karen, sai ya kiyaye tufafin sallarsa, ya nemi bayani wurin malaminsa. Addinin da ya ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da takalminsa, bai koya mana wulakanta dabba ba.

Amma fa babbar magana ba ta tsarkin kare ba ce. Wannan dabba ba ta da magani, ba ta da magana, ba ta kawo ko ƙwandala. Abin da take yi kurum shi ne ta zo a ranar da aka saba ganinta, ta zauna ba tare da gaggawa ba, ta bari a taɓa ta. Wannan kuwa shi ne gaida marar lafiya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Ya gwama kyautata wa iyaye da bauta Masa, Ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman.

Kada mu yi wa Turawa dariya. Mutanen York ba su fi mu ƙin iyayensu ba. Aikin albashi ne da canjin wurin aiki da ƙananan gidajen haya suka raba su, waɗannan kuwa duk sun iso mu. Ma'aikacin da aka mayar Abuja ko Legas, da ɗan kasuwar da ke tsakanin Kano da Dubai, da yawa sun mayar da birrul walidaini aiken kuɗi ta waya a ƙarshen wata. Kuɗi suna sayen hatsi da magani, amma tsohuwar da ke zaune a ɗaka tun hantsi har magariba fuska take jira. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka wanda iyayensa suke raye, ya yanka wa kansa rana sananniya ta zuwa gare su, ya riƙe ta kamar yadda yake riƙe ranar kasuwa ko ranar taron ofis. In ya je ya zauna, ya ajiye wayarsa, ya saurari labarin da ya riga ya ji sau goma. Wanda nasa suka rigaya, akwai tsofaffin unguwa da ba su da kowa, kwamitin masallaci kuma yana iya rubuta sunayensu ya raba wa matasa ranakun gaisuwa. Allah Ya ji ƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, Ya sa namu 'ya'yan su tuna da mu in ƙarfi ya ƙare, amin. Haza wasalam.