Ɗigar Ruwa A Bakin Ƙofa: Kwana Uku A Ƙasar Tafkuna

Wannan watan tsarabar tafiya na kawo miki.

A ƙarshen watan Yulin 2023 na raka Hajiyarmu Ingila wajen yayana da ke aiki a Manchesta. Da aka yi hutun makaranta sai Yaya ya ce zai kai mu Lek Distirik, wato ƙasar tafkuna, a arewa maso yammacin ƙasar, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Ya ɗauko hayar wata mota da ban taɓa shiga irinta ba. Daga waje kamar ƙaramar bas, ciki kuwa ɗaki ne guda: a kwantar da kujerar baya ta zama gado, ga murhun gas, ga 'yar firji, ga wurin wanke-wanke. Rufinta ma ɗaga shi ake yi ya zama makwanci. Mu biyar ne, da matar Yaya da ɗansu, don haka aka haɗo mana da rumfar tamfol wadda ake kafawa a jikin motar. Nan ne falonmu, nan ne masallacinmu, nan kuma Yaya zai kwana.

Mun yi zango kusa da garin Kezik, a bakin tafkin Dawentwota. 'Yar'uwa, Allah ya yi halitta a wurin nan. Duwatsu kore shar, tumaki sun bazu a kansu, ruwa garai-garai har kina ganin tsakuwa. Tun 1951 hukuma ta keɓe yankin, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Sai dai wannan koren da kuɗinsa. A ƙarshen kwarin da muke akwai ƙauyen Sitwet, wanda ake lissafa shi a matsayin mazaunin mutane mafi samun ruwan sama a Ingila, kusan milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. A ƙauyen ne kuma aka haƙo baƙin dutsen da ya sa Kezik ta yi suna wajen yin fensir. Ni da nake raba fensir a aji kullum, abin ya burge ni.

Magariba ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Mun shimfiɗa darduma kenan muna fuskantar kudu maso gabas, ruwa ya sauko. Ba irin namu mai tsawa da iska ba, yayyafi ne mai naci wanda ba ya gajiya. Tamfol bai yi yoyo ba, motar ma haka, amma daidai bakin ƙofa, inda rumfa ta haɗu da mota, ruwa ke ɗiga ɗis-ɗis. Kafin isha'i gefen dardumar Hajiya ya jiƙe, jakar da na sa Alƙur'anina sai da na rungume ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matakalar ƙofar da ta yi santsi, ga Hajiya da ciwon gwiwa, ga shi dole ta bi nan ta fita alwala da asuba.

Bari ki ji yadda haɗin yake. A saman ƙofar motar akwai siririn ƙarfe mai tsagi. A bakin tamfol kuma an ɗinke wata igiya da ba ta kai kaurin fensir ba, ita ake zurawa cikin tsagin. Haɗin yana riƙe rumfa, amma ba ya tare ruwa. Duk abin da ya sauka a rufin motar gangarowa yake yi gefe, ya tsallake ƙarfen ko ya bi ta bayansa.

Yaya ya kawo tawul ya cusa, ya jiƙe. Ya liƙa leda, ta ɓalle. Hajiya tana zaune da carbinta tana kallonsa, can ta ce, “Kai Babangida, zuba ruwa a kwano ka ajiye a tsakar motar nan.” Ya ajiye, sai ga ruwan ya taru ɓangaren rumfa. Ashe motar ce ta karkata wajenmu, rufin gaba ɗaya ya zama indararo a kanmu. Ta ce haka rumfar kwanonta ta gida ta yi mata shekara biyu, sai da aka gyara gangaren soron.

Da gari ya waye aka zare rumfar, Yaya ya hau da tayoyin ɓangarenmu kan wejin roba, motar ta ɗan kishingiɗa ɗaya gefen. Kaɗan ake so, kada mai barci ya mirgino. Sannan muka matsar da turakun baya kamar taƙi guda, tamfol ɗin da ke tsakani ya miƙe ya daina tara ruwa kamar salka. Muka ja kusurwa ɗaya ƙasa da igiya, ruwan ya samu hanya yana zuba bayan taya. Wata tsohuwar Baturiya, maƙwabciyar zangonmu, ta ga muna fama, ta kawo mana irin soson nan mai tsagi da suke naɗe bututun ruwa da shi saboda sanyi, ta ce a danna shi a ratar da ta rage. Ta nuna mana tata rumfar, irin wadda ake murɗa hannu ta fito daga akwati a jikin mota. Su roba ce doguwa ake saya a toshe tsakanin akwatin da bangon motar.

Daren na biyu ruwan ya fi na farko. Na farka wajen ƙarfe uku na shafa matakala, a bushe. Na tashi Hajiya, na riƙe mata buta da tocila. Tana saukowa ta ɗaga kai ta dubi soson Baturiya, ta ce, “Ki tuna mini idan za mu koma, a saya mini irinsa guda huɗu.”