Ga Ɗana da Ya Sanya Kakin Tsaron Jami'a

Ɗana, tunda Allah Ya sa ka samu aiki a sashen tsaro na jami'a, zauna ka ji daga bakin wanda ya yi aikin har ya yi ritaya. Za a koya muku fareti da sara wa manya da binciken mota a get. Ka koya da kyau, amma kada ka ɗauka horo ya ƙare ranar da aka miƙa maka kaki da usur. Da yawa daga abokan aikina daga soja ko ɗan sanda suka zo, suka shigo makaranta da halin bariki, kuma shi ya fi wahalar da su. Soja don abokin gaba aka horar da shi. Kai kuwa 'ya'yan mutane ne a gabanka, yaro ɗan shekara sha takwas da jiya ya bar gaban uwarsa, ga ƙuruciya, ga karatu yana hura masa kai. Mai tsaron irin waɗannan horonsa daban ne.

Fara da sanin iyakarka. Ba ka da bindiga, kuma ba kai ne alƙali ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da takwarorinta na jihohi, ta ce wanda ba ɗan sanda ba in ya kama mai laifi, ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta haramta duka don a tilasta wa mutum amsa laifi. Na ga an kulle yaro a ɗakin gadi kan zargin satar waya, aka yi ta zabga masa dorina har ya ce shi ne, kwana biyu wayar ta fito a jakar wani. Yaron bai ƙara ɗaga kai a makarantar ba, ɗalibai kuma suka daina kawo mana labarin komai. Wannan asara ta biyu ta daɗe tana cinmu, domin mai gadin da ba a yi masa raɗa a kunne, sai abu ya lalace yake ji.

Abin da ya fi cancanta ka nemi horo a kansa shi ne taron jama'a in ya fusata. A watan Mayun 1986 rikici tsakanin ɗalibai da hukumar Jami'ar Ahmadu Bello ya kai aka kira 'yan sandan kwantar da tarzoma cikin Samaru, aka yi harbi, ɗalibai suka mutu. A watan Mayun 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, an ɓoye ɗaliba Deborah Samuel a ɗakin masu gadi, taro ya fi ƙarfinsu, aka fito da ita aka kashe. Ka riƙe waɗannan biyun a ranka. Taro ba ya haɗuwa a minti ɗaya. Yakan faro daga ruwan da ya ɗauke a ɗakunan kwana mako guda, ko ƙarin kuɗin makaranta, ko wani saƙo da ke yawo a WhatsApp. Mai horo yana jin ƙaurin abu tun bai kama ba. Ya san shugabannin ƙungiyar ɗalibai da sunansu, ya san masu faɗa a ji a masallaci da coci, yana da lambar wayarsu, kuma sun saba da shi tun ana zaman lafiya. In aka kawo maka mutum ana binsa, ko me ake zarginsa da shi, ransa amana ce a wuyanka. Kada ka ajiye shi a ɗakin get inda kowa ke kallo kana jiran oga ya fito daga mitin. Mota, hanyar fita ta baya, kiran caji ofis, duk cikin mintocin farko. Wannan kuwa ba a iya shi a ranar da ake buƙatarsa sai an sha gwada shi a ranakun da babu komai. Ku matsa wa shugabanku ku riƙa atisaye, ko da sau ɗaya ne a zango.

Wasu za su ce maka da an ba ku bindiga da an huta. A Amurka masu tsaron manyan jami'o'i cikakkun 'yan sanda ne, da bindiga da ikon kamu. Duk da haka, ranar 16 ga Afrilun 2007 a jami'ar Virginia Tech, an harbe mutum biyu a ɗakin kwana da sassafe, gargaɗi bai isa ga ɗalibai ba sai bayan kimanin awa biyu, jim kaɗan maharin ya shiga azuzuwa ya kashe ƙarin mutum 30. Don haka ka tambaya tun makon farko: ƙarfe biyun dare, wa ke da ikon buga ƙararrawa, kuma ta wace hanya labari zai isa kowane ɗaki? In oba-obarku ba ta da caji, ka rubuta, ka sake rubutawa. 'Yan bindigar da suka ɗauke ɗalibai 39 a Afaka a 2021, da waɗanda suka shiga gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida a 2023, ba da kulki ake tare su ba. Naka shi ne gani da wuri da faɗa da wuri. Ka kuma lura na Gusau a wajen katanga aka yi, saboda haka mai unguwa da 'yan sintiri da masu adaidaita da ke bakin get duk mutanenka ne.

Amma yawancin kwanakinka ba na 'yan bindiga ba ne. Yaro ne ya sha tramol ya faɗi, ko hita ta kama da wuta a ɗakin mata, ko yarinya ta zo cikin dare tana kuka ta kasa magana. Ka koyi taimakon gaggawa wajen Red Cross, ka koyi sarrafa tukunyar kashe gobara wajen 'yan kwana-kwana. Yarinyar nan kuma kada ka tambaye ta me ya fitar da ita da dare. Ka zaunar da ita, ka kira ma'aikaciya mace, ka raka ta asibitin makaranta, ka rufe bakinka. Sannan ka rubuta rahoto: lokaci, wuri, abin da idonka ya gani daban, abin da aka faɗa maka daban. Rahoto mai kyau ya sha ceton mara laifi a gaban kwamitin ladabtarwa.

Kana aiki a gidan ilimi, ɗana, kada ka yi shekara talatin kana buɗe wa wasu ƙofa kai ba ka shiga aji ba. Duk kwas ɗin da sibil difens ko 'yan sanda suka shirya wa masu gadi, ka nemi a sa sunanka. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da digiri a fannin nazarin laifuka da tsaro, ana yinsa ana aiki. Da zarar an tabbatar maka da aiki, ka je sashen kula da ma'aikata ka tambayi sharuɗɗan izinin karatu, ka cike takardar, ka kawo mini in duba kafin ka miƙa.