Masaukin Amana a Ƙasar Ƙanƙara

Duk wanda ya tambayi labarin ƙasar Norwe, abu biyu ake fara gaya masa, wato tsananin sanyi da tsananin tsada. Duka biyun gaskiya ne, gani kuwa ya kori ji. Amma abin da nake so in bayyana wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu shi ne yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya yin kwanaki yana ratsa duwatsun ƙasar a kan katakon zamiya, ba tare da ya kwana a otel ko ya yi hayar mota ba. Abu biyu ne suka sawwaƙe mini wannan tafiya: jirgin ƙasa da amana.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa zamiyar ƙanƙara iri biyu ce. Akwai wadda ake ɗaukar mutum zuwa ƙolin dutse ya gangaro a guje, ita ce mai cin kuɗi, domin sai an biya kafin a hau. Akwai kuma ta doguwar tafiya, inda mutum zai ɗaura dogayen katakai biyu sirara a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya dinga tura kansa bisa dusar ƙanƙara daga zango zuwa zango. Wannan ta biyun ita ce gadon mutanen Norwe, da ita Fridtjof Nansen ya ƙetare tsibirin Girinlan a shekarar 1888. Ba a biyan ko anini don shiga daji da ita, saboda dokar ƙasar ta shekarar 1957 ta tabbatar wa kowa, ɗan ƙasa da baƙo, 'yancin ratsa dajin da ba a nomawa. Har ma an yarda mutum ya kafa tanti ya kwana biyu a wuri guda, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150.

Na fara da birnin Oslo, inda na sauka a gidan kwanan matasa, irin wanda ake jera gadaje da yawa a ɗaki ɗaya, aka kuma tanadi ɗakin girki don kowa ya dafa abinsa. A ƙasar da farantin abincin sayarwa kan lashe guzurin yini guda, tukunya babbar abokiyar tafiya ce. Daga tsakiyar birnin, jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 1 yakan haura da mutum har tashar Frognerseteren, a bakin dajin Nordmarka. Za ka ga tsofaffi da yara sun cika jirgin, kowa rungume da katakansa, da sun sauka kuma sai su ɗaura su nan take su nausa daji. Hanyoyin zamiya da aka gyara a dazuzzukan da ke kewaye da birnin sun haura kilomita 2,000. A nan na yi kwana uku ina koyon tafiyar kafin in tunkari dutse, don iya ruwa fidda kai.

Daga Oslo sai muka kama jirgin ƙasa mai zuwa Bergen, ni da wani abokin tafiya ɗan ƙasar. An buɗe wannan hanyar dogo a shekarar 1909, kuma wanda ya yanki tikiti da sauran makonni yakan same shi da rangwame sosai. Bayan tafiyar fiye da awa huɗu muka sauka a Finse, tashar da ta fi kowace tasha bisa a ƙasar, mita 1,222 daga gaɓar teku. Babu hanyar mota da ke zuwa wurin, saboda haka attajiri da ɗalibi duk jirgi ɗaya ke kawo su. Daga bakin tashar ake shiga tudun Hardangervidda, fili fetal, fari fat, ba itace ba inuwa, iyakar ganin ido.

To, a nan ne batun masauki ya zama abin lura. Akwai wata ƙungiyar matafiya da ake kira DNT, wadda aka kafa a shekarar 1868, tana da gidajen saukar baƙi fiye da 500 a duwatsu da dazuzzukan ƙasar, yawancinsu tsakaninsu tafiyar yini guda ce. Gidajen iri uku ne: masu ma'aikata da ke dafa wa baƙi abinci, da waɗanda babu kowa amma an ajiye abinci, da waɗanda gado da murhu kawai ke ciki. Baƙo ma yana iya shiga ƙungiyar, ya sami rangwamen kuɗin kwana. Abin mamaki shi ne mabuɗi. Ɗan ƙungiya zai ajiye ɗan kuɗin jingina, a ba shi mabuɗi ƙwaya ɗaya, wanda ke buɗe kwaɗon ɗaruruwan gidajen da babu mai gadi a cikinsu.

Daren da muka fara kwana a irin wannan gida, mun iske itace a jere, da kyandir, da barguna, da tukwane. Muka hura murhu, muka narka ƙanƙara muka sami ruwan sha. A wani ƙaramin ɗaki kuwa ga abincin gwangwani, da shinkafa, da shayi, kowanne da farashinsa a rubuce. Musulmi sai ya duba gwangwanin da kyau, don akwai masu naman alade, amma kifi da wake sun wadatar. Babu mai sayarwa, babu mai ƙirga. Kai za ka ɗauki abin da kake so, ka rubuta da hannunka, ka haɗa da kuɗin kwananka, sa'an nan ka biya ta wayar hannu. Da safe kuma ka share ɗaki, ka wanke kwanuka, ka shigo da itace don wanda zai zo bayanka. Na tambayi abokina ko ba a samun masu ci su gudu. Ya ce ba a rasa ba, amma ranar da suka yi yawa, dole a ɗauki mai gadi, ranar kuwa arahar ta ƙare. Ashe dai abin da ya sa masaukin ya yi sauƙi shi ne an cire ladan tsaro daga cikin kuɗinsa, an bar wa kowa ya tsare kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka wasa ne ya sa ake riƙe wannan amana. A kan wannan tudu, guguwar ƙanƙara kan taso har mutum ya kasa ganin sandar da ke hannunsa, kuma wanda dare ya riske shi a fili yana iya rasa ransa. A lokacin bikin Ista na shekarar 1967, mutum 18 suka halaka a duwatsun ƙasar. Shi ya sa daga wajen watan Maris ake kakkafa rassan itace a jere bisa ƙanƙara don nuna hanya, ake kuma koya wa yara cewa juyawa baya ba abin kunya ba ne. Shi ya sa kuma al'adar gidajen nan ita ce ba a mai da baƙo, ko da gadaje sun cika, a shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Wanda ya ƙone itace duka bai shigo da wani ba, ko ya bar ƙofa a buɗe, yana iya jefa ran wani a haɗari, wanin da bai taɓa gani ba.

Saboda haka shawarata ga duk wanda Allah ya nufa da irin wannan tafiya ita ce ya yanki tikitin jirgi da wuri, ya shiga ƙungiyar, ya tanadi taswira da kamfas da tufafin ulu, kada kuma ya hau dutse shi kaɗai. Sa'an nan ya tuna cewa arahar da ya samu, amanar waɗanda suka riga shi zuwa ce ta jawo masa ita. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, gobe ya wuce, amma abin da ya bari a baya shi na gaba zai tarar. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, a gida da daji.